Gizo-gizo mai jefa koma: Abin kiwon da sai dare yake fita aiki

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san Gizo tun kafin ya san hanyar makaranta. A tatsuniya shi ne sarkin wayo, mijin Ƙoƙi, wanda kullum yake neman ya ci bai yi gumi ba. A ɗakunanmu kuwa, gizo-gizo bai wuce abin da ake sa tsintsiya a share daga kusurwar rufi ba. Saboda haka idan muka ce muku akwai mutanen da ke sayen gizo-gizo da kuɗinsu, su yi masa ɗaki, su nemo masa abinci, su hana idonsu barci don su ga yadda yake farauta, wataƙila ku ce mun fara tatsuniya da rana.

To, gaskiya ce. A Ostireliya da Amurka da wasu ƙasashen Turai irin su Jamus da Birtaniya, akwai masu kiwon gizo-gizo don sha'awa, kamar yadda wasunku ke kiwon tattabaru ko zomaye a bayan gida. Yawancinsu manyan nan masu gashi suke ajiyewa, waɗanda ake kira tarantula. Amma akwai 'yan kaɗan da suka zaɓi wani siriri mai kama da busasshen tsinke, wanda ba ya jiran abinci ya faɗa masa cikin yana. Shi da kansa yake saƙa ƙaramar koma, ya riƙe ta da ƙafafunsa, ya kifa ta a kan abin da zai ci. A wannan makon shi za mu duba, mu ga abin da kiwonsa yake buƙata, da kuma dalilin da ya sa samun 'ya'yansa a gida ya fi mallakarsa muhimmanci.

Wane ne shi?

Kundin sunayen gizo-gizo na duniya, wanda gidan adana kayan tarihin halittu na birnin Bern a Suwizalan ke kula da shi, ya kai nau'i 50,000 a shekarar 2022. A cikin wannan taro, dangin masu jefa koma ba su kai nau'i 100 ba. Masana suna kiran dangin Deinopidae, sunan da ya samo asali daga kalmomin Girkanci masu nufin “mai ban tsoron kamanni”. Wani masani mai suna William Sharp MacLeay ne ya fara raɗa wa ɗaya daga cikinsu sunan Deinopis a 1839. In kun ga hoton fuskarsa da aka ƙara wa girma, ba za ku yi mamakin sunan ba: manyan idanu biyu zuru-zuru kamar fitilun mota.

Ana samun dangin a wurare masu ɗumi na duniya: gabashin Ostireliya, kudancin Asiya, jihar Florida ta Amurka da ƙasashen da ke kudu da ita, sannan a Afirka akwai su a Kamaru da Kwango da Madagaska da Afirka ta Kudu. Wanda aka fi sani shi ne na Ostireliya, Asianopis subrufa, wanda mutanen birnin Sydney kan ci karo da shi a lambunan gidajensu. Jikin macen yakan kai tsawon milimita 25, ban da dogayen ƙafafu. Yana da dafi kamar yawancin gizo-gizo, amma dafinsa na kashe ƙwari ne, ba a lissafa shi cikin masu haɗari ga mutum.

Da rana ba ya yin komai. Yakan miƙe ƙafafunsa, huɗu gaba huɗu baya, ya lafe a jikin reshe, har tsuntsu ya wuce bai gane cewa nama ne ba. Sai magariba ta yi yake motsawa.

Yadda ake saƙa komar

Aikin farko da yake yi da almuru shi ne ya ja 'yan zaruruwa tsakanin rassa, su zama masa abin ratayuwa. Daga nan sai ya shiga saƙar komar. Girmanta bai fi na kan sarki na wasiƙa ba, kuma launinta fari ne mai ratsin shuɗi-shuɗi.

Zaren komar ba shi da danƙo irin na yanar da muka saba gani. A ƙarƙashin cikinsa akwai wani ɗan faifai mai dubban ƙananan ƙofofi, inda siraran zaruruwa ke fitowa. A ƙafafunsa na baya kuma akwai jerin gashi kamar mataji. Da wannan matajin yake tsefe zaren har ya yi buzu-buzu, kamar yadda tsofaffi ke shiɓar auduga kafin kaɗi. Kun san yadda ƙarangiya ke maƙalewa a jikin bargo? Haka ƙayoyi da gashin da ke ƙafar ƙwaro suke sarƙewa a cikin wannan zare.

Idan ya gama, sai ya rataye kansa a ƙasa, ya kama kusurwoyin komar huɗu da ƙafafunsa huɗu na gaba, ya zuba wa ganye ko ɓawon itacen da ke ƙarƙashinsa ido. An lura cewa yakan ɗiga farin kashinsa a wurin, ɗigon ya zama masa alamar saiti a cikin duhu. Da gyare ko kyankyaso ya ratsa ta kan alamar, sai ya saki jiki ya faɗo, ya buɗe ƙafafu, komar ta miƙe ta ninka girmanta sau biyu ko uku, ya kifa ta a kan ƙwaron. Kafin ƙiftawar ido an gama. Sai ya naɗe shi da wani zaren, ya cije shi, ya zauna cin abinci.

Ko da yake ana ce masa mai jefa koma, ba ya sakin ta kamar yadda masunci ke wurga birgi daga cikin kwale-kwale. Ya fi kama da masuntan bikin Argungu, waɗanda ke shiga ruwa da koma a hannu, su kifa ta a kan kifi ba tare da sun sake ta ba. Idan dare ya ƙare bai kama komai ba, wani lokaci yakan cinye komar don kada zaren ya tafi a banza, wani lokaci kuma ya rataye ta a jikin ganye zuwa daren gobe.

Idon da ake sabuntawa kullum

Idanunsa takwas ne, amma biyu ne manya. Faɗin kowannensu yakan kai milimita 1.4, abin da ya sa suke cikin mafi girman idanu a duk duniyar gizo-gizo. Wajen tattara ɗan hasken da ke cikin duhu, waɗannan idanu sun fi na kyanwa da na mujiya.

A 1978, wani masani mai suna David Blest da ke aiki a birnin Canberra na Ostireliya ya bayyana wani abin mamaki. Tantanin da ke karɓar haske a cikin idon, da magariba ake gina shi, da asuba kuma a rushe yawancinsa. Wato kowane dare da sabon tantani yake fita farauta.

Amma ba da ido kaɗai yake aiki ba. Wani mai bincike, Jay Stafstrom, ya yi ta kwana a dajin Florida yana nazarin nau'in da ake kira Deinopis spinosa. Ya shafa wa wasu daga cikinsu wata roba mai laushi irin ta likitocin haƙori, ya rufe manyan idanun na ɗan lokaci. Sakamakon da shi da malamarsa Eileen Hebets suka wallafa a 2016 ya nuna cewa waɗanda aka rufe wa ido sun kasa kama ƙwarin da ke tafiya a ƙasa yadda suka saba, amma ba su fasa cafke masu tashi ba. Ta yaya?

Amsar ta fito a 2020, lokacin da Stafstrom da Ron Hoy da abokan aikinsu a Jami'ar Cornell suka nuna cewa wannan gizo-gizo yana jin sauti, duk da ba shi da kunne. Da ƙafafunsa yake ji, kuma yana iya jin ƙara daga nisan mita 2. Idan ya ji sauti mai kauri irin na fiffiken faɗa-wuta ko sauro a bayansa, sai ya yi alkafura da baya, ya ɗebo ƙwaron a iska da komarsa.

Mun tsaya a kan wannan bayani ne domin duk abin da mai kiwo zai yi, daga nan yake farawa. Wanda bai san yadda halitta ke neman abinci ba, zai kashe ta da hannunsa yana zaton gata yake yi mata.

Ɗakin da ya dace da shi

Masu kiwonsa suna amfani da akwatin gilashi ko na roba mai tsayi, kimanin santimita 30 ko fiye ga babba, domin tsayi ya fi masa amfani a kan faɗi. Sukan jingina 'yan tsinkaye da rassa a ciki, amma su bar fili a tsakiya inda zai rataye ya buɗe ƙafafunsa. A ƙarƙashin filin sukan sa ɓawon itace ko faffaɗan ganye, hanyar da ƙwaro zai bi. Idan akwatin ya cika da tarkace, ba zai sami wurin faɗowa ba, sai ya zauna da yunwa alhali gyare na yawo a gabansa.

Iska da laima su ne abu na biyu. Ana rufe saman akwatin ko gefensa da raga mai ƙananan ƙofofi don iska ta ratsa, sannan a ɗan fesa ruwa da yamma, domin daga ɗigon da ke kan ganye yake sha. Ruwa ya yi yawa, fumfuna ta kama wurin. Ya yi kaɗan, ya bushe ya mutu. Tururuwa da cinnaka kuwa abokan gaba ne, dole a nisanta akwatin daga gare su, haka ma maganin sauro na fesawa.

Abinci sai mai rai: gyare, ƙuda, faɗa-wuta ko ƙaramin kyankyaso, wanda bai fi ƙarfinsa ba. Ana saka shi da dare, bayan an ga ya gama saƙa ya riƙe komarsa. Mai son kallo ba ya haska masa tocila mai ƙarfi, yakan yi amfani da jar fitila maras haske sosai, ya zauna shiru. Wani daren ya ga farautar cikin minti biyar, wani daren ya yi awa biyu bai ga komai ba. Mai gaggawa ba ya jin daɗin wannan kiwo.

Lokaci mafi haɗari shi ne na saɓa. Gizo-gizo ba shi da ƙashi a ciki, ɓawon jikinsa ne ƙashinsa, kuma ɓawon ba ya girma. Don haka yakan tuɓe tsohon ya fito da sabo sau da yawa kafin ya balaga. Idan lokacin ya matso, sai ya daina cin abinci, ya rataye a zare ya zare jikinsa a hankali. A wannan hali jikinsa laushi gare shi, har gyaren da aka saka masa don ya ci yana iya juyowa ya ci shi. Shi ya sa mai kiwo ke cire duk ƙwaron da ya kwana ba a ci ba. Kuma ba a ɗaukarsa a hannu don wasa, saboda ƙafarsa na iya cirewa. Ƙarami yakan mayar da ita a saɓa ta gaba, amma wanda ya riga ya balaga ya yi asararta ke nan.

Babbar jarrabawa: samun 'ya'ya

Rayuwar wannan gizo-gizo gajera ce, kimanin shekara guda. Wanda ya sayi babba, bayan 'yan watanni zai wayi gari da akwati fayau. Saboda haka duk mai son ci gaba da kiwon, hanya biyu ce a gabansa: ko ya yi ta sayen sababbi, ko ya koyi yadda za su hayayyafa a hannunsa.

A Ostireliya, inda yanayi yake akasin na Turai, suna balaga ne a lokacin zafi, daga Disamba zuwa Fabrairu, su yi barbara su yi ƙwai har zuwa watannin da ke biye. Namiji ya fi mace siranta, kuma da zarar ya yi saɓarsa ta ƙarshe sai ya bar saƙa koma, ya shiga neman mace. Idan ya same ta ba ya faɗa mata kai tsaye. Yakan tsaya daga gefe ya riƙa girgiza zare, kamar mai sallama a ƙofar gida, har ta gane cewa baƙo ne ba abinci ba. Masu kiwo sukan ƙosar da macen da abinci kafin su shigar da shi, su kuma tsaya suna lura. Bayan barbara namijin ba ya daɗewa yake mutuwa.

Macen takan saƙa wata 'yar ƙwallo mai tauri, ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon baƙi, faɗinta kimanin santimita 1, ta zuba ƙwai a ciki, sau da yawa fiye da 100. Sai ta rataye ta a gajeren zare, ta ɓoye ta da guntayen ganye, ta yi tafiyarta. Mace ɗaya na iya yin irin wannan ƙwallo fiye da ɗaya. A daji 'ya'yan sukan zauna a ciki har sanyin can ya wuce. A gida kuwa aikin mai kiwo ne ya tsare ƙwallon makonni ko watanni, kada ta bushe, kada ta yi fumfuna, ba tare da ya san ko akwai rai a ciki ba.

Ranar da suka huda suka fito, nan wahala take farawa. Da farko sukan taru wuri guda a kan 'yan zaruruwa. Bayan 'yan makonni kowanne ya soma saƙa tasa 'yar mitsitsiyar koma, ba wanda ya koya masa. Daga nan idan aka bar su tare, manya sukan cinye ƙanana. Dole a raba su, kowa da ɗan gwangwaninsa mai ƙofofin iska. Abincinsu kuma sai ƙananan ƙudajen nan da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro ko ayaba, waɗanda su ma sai an yi kiwonsu a wata kwalba daban. Ku lissafa: gwangwani 100, kowanne da fesa ruwa, da ciyarwa, da shara, dare bayan dare. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Daga daji ko daga gida?

Me ya sa mutum zai ɗora wa kansa wannan ɗawainiya, tunda yana iya saye? Amsar tana cikin wani bincike da Benjamin Marshall da Alice Hughes da abokan aikinsu suka wallafa a 2022. Sun gano nau'i 1,264 na gizo-gizo da kunamu da danginsu da ake cinikinsu a duniya, kuma kimanin kashi 67 cikin 100 na waɗanda aka sami bayanansu daga daji aka kamo su. Yawancin waɗannan nau'o'i ba wanda ya san yawan da suka rage a dajin, ballantana a san ko kamun yana ƙarar da su.

An riga an ga abin da hakan ke jawowa. Akwai wata shuɗiyar tarantula ta ƙasar Indiya, Poecilotheria metallica, wadda kyawunta ya sa masu kiwo ke rububinta, ga kuma saran dajin da take zaune. Yanzu tana cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa, kuma a 2019 aka sanya danginta ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido a kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Ostireliya kuwa tana da doka mai tsauri ta 1999 da ta taƙaita fitar da halittun ƙasar masu rai zuwa waje.

A nan ne mai haƙurin renon gwangwani 100 yake da rana. Duk ɗan gizo-gizon da aka haifa a gida aka ba wani mai sha'awa, an rage guda ɗaya da za a ɗauko daga daji. Sannan mai kiwon da ke rubuta abin da ya gani, ranar da aka yi ƙwai, ranar da suka fito, sau nawa suka yi saɓa, yana tara ilimin da masana ke buƙata. Sharaɗi ɗaya da masu kiwo na ƙwarai ba sa wasa da shi: ba a sakin baƙon nau'i a ƙasar da ba tasa ba, ko da sun yi wa mutum yawa, domin baƙo na iya mamaye wurin 'yan gida.

Mu fa, ina za mu fara?

Ba muna cewa ku je ku nemi a aiko muku da gizo-gizo daga Sydney ba ne. Abin da ya sa wannan kiwo ya yi armashi shi ne kallo da lura, kuma wannan ba ya buƙatar ko sisin kwabo. Ku tuna cewa babban binciken da muka ba ku labari ya faro ne da mutum ɗaya a cikin duhu, da fitila a goshi, yana tambayar kansa yadda halittar da aka rufe wa ido take kama abinci.

Ku sami littafi guda. Ku zaɓi gizo-gizo ɗaya a jikin katangar gida, ko a shingen lambun makaranta, ku bar shi inda yake. Ku rubuta ƙarfe nawa yake fara saƙa, minti nawa take ɗaukarsa, me yake kamawa, sauro nawa kuka ƙirga a yanarsa da safe, ina yake ɓuya da rana. Ku zana siffarsa. Kada ku taɓa shi da hannu, kada ku zura yatsa a rami ko ƙarƙashin dutse, kuma idan da dare ne ku fita da takalmi da fitila da izinin iyaye, saboda kunama da maciji. Bayan mako biyu ku kai wa malamin kimiyyar halittu abin da kuka tara, ku kwatanta da na abokanku.

Waɗanda ke zaune ko suke zuwa hutu a wurare masu duhuwar itatuwa da laima, su riƙa duban ƙananan rassa da kyau bayan magariba. Idan kuka ga wani tsinke yana rataye kai a ƙasa, riƙe da ɗan farin ƙyalle tsakanin ƙafafunsa, ku rage hasken fitila, ku zauna shiru, ku jira gyare ya zo wucewa.